Jinjina ga Dorkas, mai shanyar ganye a inuwa

Kullum da hantsi, in ta gama share ɗakin shan magani na Kore Mairuwa, Inna Dorkas takan shiga wata bukka ta juya ganyen zogale da tafasa da ta baza a kan tabarmi. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, tun kafin a sauke tutar Faransa.

Wani malamin asibiti, Fidèle, shi ya fara gaya mata dalilin da bakin yara ke tsagewa ta gefe duk bazara, har tuwo ya gagare su. Ya ce rashin wani bitamin ne da jikin mutum ba ya iya yi, sai tsirrai da ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma hasken rana na lalata shi. Aka yi wa Fidèle canjin wurin aiki, maganar ta zauna wurin mai shara.

Mata sun sha yi mata dariya, wai ina aka taɓa shanya a ɗaki. Amma da bakin 'yar Habsatu, ɗaya daga cikin matan, ya tsage, garin ganyen nan aka yi ta zuba mata a miya har ta warke. Ke ce, Inna, kika tsare yaran garin nan bazara bayan bazara, ba ki ko san sunan abin da kike tsarewa ba.

Bana gwiwoyi suka ƙi, ta ajiye aiki. Tana kwance, mata suka taru su rama alheri. Kwana huɗu sannan ta iya dogara sanda ta fito, ta tarar da ganyen shekara guda a tsakar gida, rana ta mai da shi fari fat.

Habsatu ta ce, tana murmushi, "Inna, mun ga ganyenki cikin duhu, shi ya sa munka hidda miki shi rana, ya bushe maza."

Dorkas ta ɗebi ganyen, ya marmashe a hannunta. Ta yi musu godiya, don da zuciya ɗaya suka yi. Ni abin ya ƙona mini rai: ashe sun sha magani, ba su ji magana ba.

Mun gode, Inna, Allah ya saka. Ku kuma matan gari, don Allah a samu ko mace ɗaya ta karɓi tabarmin nan. Bazara saura wata huɗu, bukkar kuwa ba kowa.