Kunyar Suruki Ta Hana Ni Duba Idonsa

Edita, saura kaɗan in fasa ba da labarin nan. Sau biyu ina yaga takarda, sai uwargida ta ce tunda na iya ba da labarin wautar mutanen Legas da na Garwa, to in ba da tawa ma. Lokacin ina saurayi ne, sabon nas a wani asibitin mishan kusa da Kafanchan, ba a daɗe da mayar da motoci hannun dama ba. Farin kaya, agogo a ƙirji, tocila a aljihu, ina jin babu kamata. Ina kuma neman wata malamar firamare, 'yar wani dattijon ikilisiya mai noman citta a Kwoi. Gidanmu sun riga sun kai gaisuwa.

Ran wata Asabar da hantsi aka shigo da dattijon nan. Ya ɗoro buhun citta a keke, ya kauce wa babbar mota, ya faɗi, gefen kansa ya bugi dutse. Waɗanda suka kawo shi suka ce ya ɗan suma, amma ya farfaɗo, da ƙafarsa ma ya shigo yana faɗa wai an ɓata masa ranar kasuwa. Sistar da ke kanmu ta duba shi, ta ce a kwantar da shi, ni kuma in riƙa gwada shi kowane rabin awa. Ta tafi ɗakin haihuwa.

Gwajin ba wuya. Akwai jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kuma a fuska ake gane lafiyarsu. Ka haska ido ka ga ko baƙin tsakiya ya tsuke, ka sa mutum ya bi yatsanka da ido, ya yaƙe haƙora, ya zaro harshe, ya ɗaga kafaɗa. Na haddace su kamar Addu'ar Ubangiji. To amma ku gaya mini, wane ɗan mutunci ne a ƙasarmu zai ce wa surukinsa ya zaro harshe? Mutumin da ko wurin sujada ban taɓa haɗa ido da shi ba? Sai na riƙa zuwa ina rusunawa a gefen gado, kaina a ƙasa, in tambaye shi jiki. Ya ce da sauƙi, kai ne kawai ke ɗan sarawa. In koma in rubuta komai daidai. Sau biyar na yi haka. Da ya yi amai, na ce kunun safe ne. Da ya fara minshari, har na roƙi masu jinya su rage murya, Baba yana hutawa.

Wajen ƙarfe ɗaya Sista ta dawo. Ta kira shi, shiru. Ta ɗaga fatar idonsa da babban yatsa, ta zare tocilar daga aljihuna ta haska, ta ce in matso. Wannan ne karo na farko da na kalli cikin idon mutumin nan. Na hagu ya tsuke. Na dama kuwa ya buɗe wangam, baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Ta dubi takardata, ta dube ni, ta ce a hankali, “Wane ido ka duba?”

Jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kansa yana danne ƙwaƙwalwa, tun ina rusunawa. Aka ruga da shi tiyata, likita ya huda ƙashin ya fitar da jinin. Ina tsaye a baranda 'yarsa ta iso tana mini godiya wai na kula da babanta. Na gwammace ta mare ni. A wurin na faɗa mata gaskiya. Wata uku ba ta amsa gaisuwata ba.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma fatar idon nan ta dama ba ta sake ɗaguwa sosai ba, hannun hagu kuma bai ƙara riƙe fartanya ba. Likita ya ce da an gani da wuri, da wataƙila ba a kai haka ba. Na yi aiki a garuruwa da yawa bayan nan, na sa sarakuna da fastoci sun zaro mini harshe, ban ƙara jin nauyin kowa ba. Ku masu farin kaya, ladabi yana da wurinsa, amma ba a bakin gadon wanda ya bugu a ka ba. Ku kuma 'yan'uwa, in mutum ya faɗi ya tashi yana dariya, daga baya barci ya fara dannarsa, kada ku ce hutawa yake.

Ya dai ba ni 'yar, ita ce ta hana ni yaga takarda ta uku. Ranar da na je neman gafara na durƙusa, kaina a ƙasa kamar kullum. Ya sa hannunsa mai lafiya ya ɗago haɓata, ya dube ni da ido ɗaya da rabi, ya ce, “Ɗana, ran nan me ka gani a ƙasan nan da ya fi idona?”