Masuncin Ƙwallo

Filin wasan garin yana saman gaɓar kogi. Sakandare da kwaleji da ƙungiyar 'yan kasuwa duk a nan suke bugawa, kuma ragar yamma ta juya wa ruwa baya. Duk wanda ya cika ƙarfi, ƙwallo sai kogi. Shi ya sa wani dattijo ke zama a ƙasan gaɓar cikin kwalekwale, riƙe da doguwar gora mai raga a baki, yana jiran abin da zai faɗo. A da kifi yake kamawa. Yanzu Masuncin Ƙwallo ake ce masa.

Gaɓar ta fi shi tsayi, don haka bai taɓa ganin wasa ba. Da kunne yake kallo. In ihu ya tashi ya daɗe, an ci; in ya yanke da salati, sai ya ɗaga kai ya ɗauki filafilin tuƙi. Jiran nan ya shiga jikinsa. Ko a gida murfin tukunya ya faɗi, sai ya zabura.

Autansa ne ɗan wasan gaba na kwaleji. Ranar nan su ne da 'yan kasuwa a wasan ƙarshe, washegari kuma yaron zai tafi aiki wani gari mai nisa.

"Maigida, yau dai ka hau sama," in ji matarsa. "Kowa ya ga ƙafar yaron nan, ban da ubansa."

"Ruwa ya ƙaru, gudu yake. In ta faɗa fa?"

"Ƙwallon ce ka haifa?"

Da la'asar ya ɗaure kwalekwale, ya hau gaɓa, ya kutsa cikin 'yan kallo.

"A'a! Yau kada ne ya fito tudu?" in ji mai sayar da ruwan sanyi. "Baba, wa ka bar wa ofis?"

Aka yi dariya. Shi kam ya rasa inda zai sa ido. Riguna iri ɗaya, kowa na gudu, wuyansa sai juyawa yake wajen kogi. Tun kafin hutu ƙwallo ɗaya ta fashe a kan waya, saura ɗaya. Yana cikin tambayar wanne ne Auta, sai ya ji ihun nan ya yanke da salati. Ƙwallo ta haye raga, ta wuce.

"Ɗanka ne ya aika maka saƙo!" in ji mai ruwan sanyi.

Alƙalin wasa ya dubi agogo. Ya ce in ba ta dawo ba kafin rana ta yi ƙasa, sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa kuwa babu Auta.

Dattijo bai san lokacin da ya gangara ba. Igiya ta ƙi kwancewa, ya sa haƙori. Ƙwallon tana can tana rawa a tsakiyar ruwa, sai a gindin gada ya kamo ta. Dawowar ce aiki, don ruwa na tura shi baya, kafaɗunsa na zafi, yana ta saurare ko zai ji usur na tashi.

Da ya iso, ba shi da ƙarfin hawa. Ya miƙe tsaye cikin kwalekwalen don ya jefa daga nan, sai ya ga ciyawa. Ya ga farin layi da ƙafafu. Ƙaruwar ruwa ta ɗaga shi, kansa ya haura gaɓa. Wani dogon yaro ya sheƙo a guje, gumi har ido.

"Baba, jefo mana! Me kake kallo?"

"Kai nake kallo, ja'iri. Ka rage ƙarfi."

Ya jefa. Bai zauna ba. Ya damƙi saiwar da ta fito daga gaɓa, kwalekwale na tangaɗi a ƙarƙashinsa, ya bi Auta da ido duk inda ya nufa. Ɗaya hannun kuwa yana ta laluben filafili.