Shanun Baba a Hanyar Shahaniya

Mun tashi da asuba daga Sanaiya, unguwar da mu ma'aikata baƙi muke kwana, ni da abokin tuƙina, idanuna kamar an watsa musu barkono. Sati biyu ke nan muna jigilar 'yan kallon gasar ƙwallon duniya, barcin kirki ya gagara. Ga saƙon yayana a waya tun jiya: gwiwoyin Baba sun gaza, a sayar da shanun da suka rage ko a bari? Tun lokacin korona nake cewa a bari, kuma maganata ake bi tunda ni ne na ƙasar waje.

A unguwar Old Airport muka ɗauki baƙinmu, 'yan Mexico biyar da ke son ganin raƙuman garin Shahaniya. Huɗu samari ne da manyan malafuna masu ado, sai wani tsoho da tasa malafar da rana ta cinye. Hanya shimfiɗe kamar tabarma, ba rami ko ɗaya, irin wadda ke sa direba gyangyaɗi. Muka tsaya muka sha shayin karak riyal ɗai-ɗai, shi ya riƙe ni.

A garken raƙuma samarin suka hau ɗaukar hoto, suna dukan ƙirji suna kiran kansu "vaquero". Tsohon kuwa durƙusawa ya yi yana duba ƙafar wata taguwa. Na tambaye shi ma'anar kalmar.

Da guntun Turancinsa ya ce, "Vaca ita ce saniya. Vaquero shi ne mai bin ta, rana da ruwa, ko ba tasa ba ce. Waɗannan malafa kawai suka saya."

Na ce ai mu ma muna da shanu a gida. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya ji shi luƙui.

"Wa ke bin su?"

"Babana."

"Shekararsa nawa?"

Na faɗa masa. Ya saki hannuna ya koma wajen taguwar. Kunya ta rufe ni.

Da la'asar muka dawo, cunkoson filin wasa ya ci mana awa guda, bayana kamar zai tsinke. Abin da na tsinto a tafiyar ke nan: shekara uku ina alfahari da garke daga cikin mota mai sanyi, tsoho yana taka ƙaya a madadina.

Ina shiga ɗaki na kira yayana. "Yaya, a sayar. A bar masa farar saniyar nan ya riƙa gani a ƙofar gida."

Na ji Baba ya karɓi wayar. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Da ma kai nake jira."