Jitar da Nake Matsewa Kamar Kalangu

Shekarun baya, lokacin da ake ginin dam ɗin Bakolori, ni direban tifa ne. Ran Asabar da la'asar kuma ni ne mai kaɗa jitar bes, wato mai kaurin murya, a 'yar ƙungiyar kiɗan da muka haɗa a kulob ɗin ma'aikata. Mahaifina makaɗin kalangu ne na mahautan Talata Mafara, kuma shugaban ƙungiyarmu, wani akawu ɗan birni, bai taɓa bari na manta da hakan ba.

Sai jitar ta tsiro da wani hali. Ana cikin kiɗa, daidai inda ya yi daɗi mutane suka miƙe, sai ta ɗauke ɗif. Kafin in duba ta dawo. Muka sauya waya, muka sauya amfilifaya, muka zargi janareta. Sau biyu ina kai ta wurin abokina mai gyaran rediyo. Ya kwantar da ita bisa tebur ya yi ta bugawa, ko tari ba ta yi ba.

Shugaba ya ce, "Jita lafiyarta lau. Hannun ne na ƙauye. Ɗan makaɗin mahauta ya koma kasuwa mana." Ya ba ni zuwa Asabar, in ta sake ɗaukewa akwai wani ɗan garinsu da ke jiran wurina. Na ji zafin maganar har ƙashina. Na ce masa ba inda za ni.

Ran Talata bayan an tashi kasuwa, muna gwaji, sai ga mahaifina da kalangunsa a rataye. Ashe labari ya kai masa. Shi da bai taɓa kallon jita a matsayin abin kiɗa ba. Ya gaisa da kowa a tsanake, ya zauna. Muka fara, kiɗa ya ɗau zafi, ta ɗauke.

Mahaifina ya ce, "Sake." Muka sake, ta ƙara ɗaukewa.

"Mi kaka yi mata haka?" in ji shi. "In kiɗi ya yi maka daɗi, matsa ta kakai awa kalangu. Ni dai nan idona shike."

Kunya ta kama ni. Tun ina yaro haka na koya, in ana son murya ta tashi sai a matse kalangu a hammata. Ashe duk sanda na matse jitar da damtsena, kan wayar yana tokarar ƙuguna, soket ɗin da ake cusa shi a jikin jitar ya ɗan juya. Da abokina ya buɗe cikinta muka tarar dalmar da ta riƙe siririyar waya ta tsage. A kan tebur tana haɗe, a jikina take rabuwa.

Shugaba ya yi dariya ya ce, "Ka ji ko? Sai ka koyi tsayawa ƙyam irin na 'yan birni."

Na ce, "Waya ce ta lalace, ita za a gyara. Ni ban lalace ba."

Abokina ya ɗiga mata sabuwar dalma, ya ɗaure soket ɗin tamau. Ran Asabar na matse ta har damtsena ya yi tsami, da gangan, ina kallon ɗan garin shugaba da ya zo da shirinsa. Ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Mahaifina yana can baya wajen ƙofa, yana gyaɗa kai yana bin kiɗan da yatsunsa a cinya.

Ƙungiyar ta watse da aikin ya ƙare, mahaifina ma Allah Ya yi masa rasuwa. Tun daga ranar da aka gyara jitar, in aka ce min laifin asalina ne, sai na buɗe cikin abin na duba tukuna. Jitar tana nan a ɗakina, fentin gefenta ya goge daidai inda damtsena yake sauka. An sha ce min in sake mata fenti. Na ƙi.