Baƙon da Muka Tarar a Gidan da Ba a Gina Ba

Abin da na fara gani da muka shiga ofishin Anti Rabi shi ne tururuwa a falonmu. Falon na kwali ne, bai fi tafin hannuna ba, yana cikin wani ɗan gida da aka ajiye a kan tebur, an yi masa itatuwa da guntayen koren soso. Tururuwar ta shiga ta taga, ta fita ta kicin. Amma bari in fara daga inda muka taso.

Batagarawa zuwa Ƙofar Kwaya

Ranar Asabar ce. Ana idar da sallar asuba Baba ya ce in ɗauko hijabina. Gidan Kaka da ke Ƙofar Kwaya na ƙasa ne, kuma daminar bara ta tsaga bangon ɗakinta har haske yana shigowa ta wurin. Baba yana so a rushe a gina na bulo da zai ɗauke mu duka kafin ruwa ya sake sauka. Kaka ta ce babu digar da za ta taɓa gidanta sai ta taka sabon da ƙafarta. Anti Rabi, autar Kaka, wadda ta karanta zanen gine-gine, ta ce a kawo mata ita.

Motar da muka samu a bakin titi an liƙe gilashin bayanta da fastar wani ɗan takara, direba ba ya ganin kowa a baya sai shi. Na zauna a rabin kujera, buhun barkono ya zauna a ɗaya rabin. Da atishawa na shiga Katsina.

Mun tarar Kaka ta yi shirin unguwa: sabon zane, turare, ga goro ƙulle a bakin gyale. Ta ce ba ta zuwa sabon gida hannu rabbana.

Ƙofar Kwaya zuwa ofis

Keke-napep muka hau. Kusa da shataletale wani ɗan sanda ya ɗaga hannu, ya leƙo.

"Hajiya, ina zuwa da sassafe?"

"Gidana za ni gani."

"A wace unguwa?"

"Cikin tabarau yake, in ji Auta."

Ɗan sandan ya dubi Baba, Baba ya dubi taya. "Allah ya ba ta lafiya, Alhaji," in ji shi a hankali, ya ba mu hanya.

Ofishin yana saman bene. Anti Rabi ta ce gidan kwalin nan don kallo ne kawai. Na gasken ta zana shi a kwamfuta ɗaki-ɗaki, ta sa masa fenti da ƙofofi har da hasken rana, sannan ta tura shi cikin wani ƙaton tabarau mai kama da akwatin sabulu. Wanda ya sa zai ga kansa a cikin gidan, mu kuma muna ganin abin da yake gani a allon bango.

Ƙofar gida zuwa ɗakin Kaka

Da aka ɗaura mata tabarau, Kaka ta fara da cire takalmi. Ta yi sallama, shiru. Ta sake yi. Baba ya amsa daga bayanta.

"Au, kai har ka riga ni shiga?"

Ƙofa ta buɗe, sai falo.

"Auta, ina zaure?"

"Inna, yanzu ba a yayin zaure. Wurin ajiye mota aka yi a nan."

Na ga yatsun ƙafar Kaka sun lanƙwashe a kan tayil. Ɗakinta ya yi mata. Ta miƙa hannu ta shafa bango, hannun ya sauka a kan firjin ofis. "Bangon ga sanyi gare shi," in ji ta. Baba ya yi murmushin farko tun asuba.

Tsakar gida

Nan tafiya ta tsaya. Wani Bature ne tsaye kusa da igiyar shanya, da gajeren wando, kofi a hannu, yana murmushi. Kaka ta ja gyale ta rufe fuska, har da tabarau.

"Auta! Wane ne wanga ƙato a tsakar gidana?"

Anti ta ce ba kowa ba ne, da irinsu manhajar zanen take zuwa, ana tsayar da su ne don a gane tsawon bango. Kaka ta janye gyalen kaɗan.

"Sannu, bawan Allah. An zo lahiya? Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida?"

Murmushi kawai yake yi.

"Kurma ne? Tun yaushe yake nan?"

"Tun watan jiya, Inna."

"Gidan da namiji zai shigo har igiyar shanya ba wanda ya tare shi, wannan tasha ce. Ban yarda ba. Ku bar mani tsagata."

Baba ya cire hula, ya yi wa Anti alama da ita. Anti ta danna maɓalli, Bature ya ɓace. Mu duka muka sauke numfashi, ban da Kaka.

"Korar shi kika yi? Baƙo ya yi wata tsaye cikin rana a gidana, ya tahi ko ruwa bai sha ba? Mi za a ce da ni a Ƙofar Kwaya? Maido shi!"

Aka maido shi. Aka aike ni na ɗebo ruwa. Kaka ta karɓa, ta ɗan russuna, ta miƙa wa injin hoton takardu.

"Inna, ai da kofinsa a hannu," in ji Anti.

"Wanga ɗan tsurut? Ko kaza ba ta ƙoshi da shi."

Ta ajiye ruwan a ƙasa, ta kwance goro biyu ta sa a gefe. Sannan ta ce a kai baƙo zaure.

"Babu zaure, Inna."

"To a yi."

Muna kallo Anti ta kama bango da linzamin kwamfuta tana ja, wurin mota yana tsukewa. Baba ya yi gyaran murya.

"Inna, motar fa?"

"Wace mota? Ba da keke muka zo ba?"

Kafin azahar zaure ya tashi, da dakali da tabarma. Anti ta ɗauki Bature ta sama kamar ɗan tsako, ta dire shi a ciki. Zama dai ya gagara, domin a tsaye aka ƙera shi.

"Bar shi," in ji Kaka, "ya dai samu inuwa." Ta cire tabarau, shatinsa ya fito mata a goshi. Ta ce wa Baba, ba tare da ta dube shi ba, "Ka sa ranar rushewa."

Zaure

Sai aka ce saura ni, in je in ga ɗakinmu na yara. Na sa tabarau, ƙofa ta buɗe, ga Baturen tsaye dab da hanyar shiga, idonsa a kaina. Gashin hannunsa ja ne, igiyar takalminsa ɗaya a kwance. Na sunkuyar da kai na gaishe shi. Na ɗago, yana nan yana kallona. Na san ba mutum ba ne, amma ƙafata ba ta sani ba. Na ce jiri nake ji, aka cire mini.

Komawa

Mun ci shinkafa da wake a ƙasan benen, muka sauke Kaka a Ƙofar Kwaya. Tun kafin ta shiga gida ta fara ba maƙwabta labarin baƙonta mai kunya, wanda ko ruwa bai iya sha a gabanta ba. Mun iso Batagarawa bayan la'asar lafiya, mun gode wa Allah. Ƙannena suka kewaye ni suna tambaya ko ɗakinmu yana da fanka, na ce sai an gina su gani.

Da Baba ya kira Anti Rabi ya ce mun sauka, na tsaya kusa da shi har ya gane, ya miƙo mini wayar. Na koma bayan ƙofa.

"Anti, don Allah, in zan dawo ganin ɗakinmu, ki ɗan juya mutumin nan ya kalli bango har in wuce."