Inda Fayil ɗin Baba Zai Kwana

Shekarar da idon Baba ya fara tafiya, ina koyar da kwamfuta a Kazaure, shi kuma yana zaune shi kaɗai a gidanmu na Roni tun rasuwar Inna. Na kai masa tsohuwar kwamfutar tebur, na haɗa ta da batirin sola, na rubuta masa 'yar manhaja. Da an kunna, manyan maɓallai za su fito, rawaya a kan baƙi. Wannan ya buɗe karatun Alƙur'ani, wancan rediyo, wani kuma ya kira ɗayanmu.

Manhajar ba ta ba ni wuya ba, Baba ne ya ba ni. Duk Asabar sai na hau mota na je mun yi ta gyara. Yau rubutun ya yi ƙanana, gobe muryar da ke karanta masa maɓallan ta cika sauri, wai kamar kwandastan Babura. Duk abin da muka daidaita yana shiga wani ɗan fayil, shi manhajar ke dubawa kafin ta buɗe. In babu shi, kwamfutar ba ta san Baba ba.

Wata Asabar na tarar da Yaya, babban wanmu, ya zo daga Babura. Ya tsaya a kaina yana kallo, sannan ya ciro filashi daga aljihu.

"Ki sa fayil ɗin a nan," in ji shi. "Manhajar ta riƙa karantawa daga ciki. Kin ga ko a laftof ɗina aka soka, zai yi aiki."

A ilmance ya yi gaskiya, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Amma na san Yaya, ba ya faɗin magana ta ƙofar gaba. Ya daɗe yana so ya ɗauke Baba ya mayar da shi gidansa, Baba yana cewa ba inda za shi. Abin da ya rage wa Baba na hujja shi ne kwamfutar nan, wai ba ta ɗaukuwa, kuma ita kaɗai ta san idonsa.

Baba yana kan buzunsa, mun zaci gyangyaɗi yake.

"Auta," ya kira ni, "shi wannan abin da kuke ja, yanzu a ina yake kwana?"

"A cikin akwatin nan, Baba."

"To ki bar shi a ɗakinsa."

Na ce ai ana iya ajiye shi wuri biyu, kwafi ba ya rage komai. Ya ce shi bai yarda ba. Yaya ya mayar da filashinsa aljihu, ya fita ba sallama. Na bar fayil ɗin a kwamfutar, amma hankalina bai kwanta ba. In ta lalace, aikin watanni ya tafi. In na kwafa a ɓoye, na shiga layin Yaya ke nan. Na yi ta jin haushin su biyun har Kazaure.

Da damina ta yi nisa, Baba ya zame a bakin rijiya, ƙugunsa ya goce. Maƙwabci ne ya tsince shi. Wannan karon ba wanda ya yi gardama kan a kai shi Babura, har ni. Yaya ya zo da mota, ya ajiye filashin a kan tebur.

Na soka shi. Kwamfutar ta yi 'yar ƙarar da take yi, Baba kuwa kunnensa ras yake.

"Kin kwashe?"

"Na kwafa, Baba."

Ya miƙo hannu, na sa masa. Ya shafa shi da yatsa, ya jefa a aljihun gaba tare da carbinsa.

"Na cikin akwatin fa, kada ki goge. Zan dawo in same shi."

A Babura, a laftof ɗin Yaya, komai ya buɗe daidai, rawaya a kan baƙi, muryar a hankali yadda yake so. Matar Yaya ta ce da wuya yake taɓawa. Bai dawo Roni ba.

Batirin solar ya daɗe da mutuwa. Yaya ya ce in ɗauki kwamfutar in kai wa ɗalibaina, a goge ta a sa sabon abu. Na ce masa to. Har yau tana kan teburin.