Yaya Sale da Kangayensa

Ku matso ku ji, ku da kuka san Yaya Sale mai hoto. Kun tuna yadda yake gaisawa? Hannu ɗaya a na mutum, ɗaya yana susar ƙwauri. Ni ce ƙanwarsa Hajara, ni ke shafa masa man kaɗanya, don haka ba labari aka ba ni ba.

Damina na sauka sai ya rataya kyamara ya hau babur. Tsohon injin casar shinkafa a hanyar Tudun Wada, rumbun auduga da aka watsar wajen Kiru, har gidajen haƙar kuza can bayan Doguwa. Wai lokacin ne ciyawa ke fitowa ta cikin ƙarafa. Ya dawo jiki duk cizon sauro kamar an watsa masa gero.

Na ce, "Yaya, ka sayi maganin shafawa mana."

"Ke, sauron nan su ne masu gadi. Ana shiga wurin mutane ba a ba mai gadi na goro ba?"

Ko marinsu ba ya yi, wai hoto zai girgiza!

Abin da ya tsaya min a rai, shekara da shekaru bai taɓa ɗaukata ba. Ranar sunan jikata na sha sabuwar atamfa, na kafa ɗauri, sai ga shi ya ɗaga kyamara. Na gyara tsayuwa, na saki murmushi.

"Hajara, ɗan matsa, kin tare min."

Ashe mataccen injin markaɗenmu ne a bayana! Washegari na kira 'yan gwangwan suka kwashe shi. Kwana uku bai kula ni ba.

Da ya huce na tare shi: "Wai me kango ya fi ni?"

"Ke kullum gidanki cike da mutane. Ni abin da aka manta nake ɗauka. Bari rufinki ya fara yoyo, haƙoran gaba su zube, da ƙafata zan zo."

Zazzaɓi ya tafi da shi daminar bara. Bayan sadakar arba'in ina cin gasasshiyar masara, haƙorina na gaba ya fita. Na riƙe shi a tafin hannu, wallahi har na buɗe baki zan ce a kira min Yaya.

Allah ya jiƙanka Yaya Sale, ya sanyaya makwancinka, ya sa ka huta da susa.

To, ga kangon ya samu. Ku faɗa min, wa zai zo ya ɗauke shi?